Daga Ahalari Zuwa HTML: Yadda Zango Ke Zaɓen Littafin Koyo

Littafi ba baƙo ba ne a Zango. Tun kafin a ja wayar lantarki zuwa Nima da Mamobi, unguwanninmu na birnin Accra wanda kakanninmu ke kira Ankara, akwai gidajen da babbar dukiyarsu ita ce gafakar littattafai da ke rataye a zaure. Sai dai littafin da matasanmu ke cigiya a yau wani iri ne daban. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, da wuya wata ya wuce ba a aiko mini da tambayar nan ba: ina so in koyi tsara shafin intanet, wane littafi zan fara da shi?

Tambayar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Sabon littafin kwamfuta da aka shigo da shi daga Ingila ko Amurka yana iya lashe abin da yaron shago ya yi makonni yana tarawa. In kuma ya yi rashin sa'a ya sayi wanda zamaninsa ya wuce, hasarar lokaci ta fi ta kuɗi ciwo, domin zai yi watanni yana haddar abin da babu mai ba shi aiki a kansa. Ni a ganina Zango yana da nasa ma'aunin zaɓen littafi tun fil azal, kuma mafi yawan ƙa'idojin wannan ma'auni suna aiki har a kan littafin kwamfuta. Ƙa'ida guda ce tak ta ƙi aiki, ita ce kuwa ta fi jawo wa matasanmu hasara. Kafin mu kai gare ta, sai mun koma baya.

Gafaka da allo

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Katsina da Sakkwato ba kanwa da tufafi kaɗai suka ɗauko ba. A cikin ayari akwai malamai, a cikin kayan malamai akwai littattafai. Salaga ta zama kasuwa ta kuma zama makaranta. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, mutanensa suka bazu zuwa Karaci da Yandi da Kumasi da bakin teku, kowa da abin da ya iya tsira da shi.

Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Kete Karaci har rasuwarsa a 1934. An fi saninsa da waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, amma abin da ya shafi zancenmu shi ne wani littafi da ya rubuta tun yana saurayi, wajen 1877, mai suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Littafin koyon rubuta wasiƙa ne: yadda ake buɗe ta, yadda ake jera gaisuwa, kalaman da suka dace da sarki, da waɗanda suka dace da malami ko aboki. A zamanin da ciniki tsakanin Kano da Gwanja ya dogara da takarda, iya wasiƙa sana'a ce mai ci. Wanda ke tsara shafin intanet a yau kusan aikin da yake yi ke nan: yana shirya wa wani maganarsa domin ta isa ga mutanen da ke nesa cikin tsari da mutunci.

A Ankara, Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta biyo baya a 1931, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na Osu. Duk inda aka kafa zango, masallaci da makaranta ne ke fara tsayawa. A makarantun nan ne ma'aunin da nake magana ya zauna da gindinsa, kuma yana da ƙa'idoji huɗu.

Ta farko ita ce jeri. Ɗalibin ilimi ba ya tsallake. Daga Ƙawa'idi sai Ahalari, sai Ashmawi, sai Iziyya, sai Risala, can gaba a kai ga Muhtasar. A nahawu ma sai an ƙare Ajurumiyya kafin a taɓa Alfiyya. Ba a buɗe na gaba sai an rufe na baya.

Ta biyu ita ce malami. Ba a ɗaukar littafi daga kasuwa a zauna da shi a ɗaki. Sai a kai shi gaban wanda ya karance shi a wurin wani, yana biya maka kana bi, yana fassarawa da Hausa. Malaman Wangarawa na arewacin Gana har takardar isnadi suke bayarwa ga wanda ya sauke Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa, da sunayen malamai a jere har zuwa ga mawallafi.

Ta uku ita ce hannu. Yaro yana rubuta karatunsa a allo da tawada, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Babban ɗalibi kuma yakan kwafe littafi sukutum da hannunsa.

Ta huɗu ita ce tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani. Risala ta haura shekara dubu da rubutawa, Ahalari yana neman ɗari biyar, kuma daɗewarsu ita ce shaidar ingancinsu. Littafin da kakanka ya karanta shi za ka karanta, ba ka da shakka.

Ba ina daidaita ilimin addini da sana'ar kwamfuta ba ne, kowanne da matsayinsa. Hanyar koyo nake magana, domin da wannan tarbiyya muka tarbi baƙon da ya zo mana a ƙarshen ƙarnin da ya wuce.

Shekarun kafe

A 1989 Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN a Suwizalan, ya gabatar da shawarar da ta haifi shafukan intanet. Shafi na farko ya fito fili a 1991. Gana ba ta yi jinkiri ba: a 1995 kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor ya haɗa ƙasar da intanet, tana cikin na farko a Afirka ta Yamma. Amma a shekarun nan abin na ofisoshi ne da jami'a da masu hali. Talaka bai gan shi ba sai da shagunan intanet, waɗanda muke kira kafe, suka yawaita. A 2001 aka buɗe BusyInternet a kan titin Ring Road kusa da Circle, da kwamfuta kusan ɗari, tafiyar ƙafa ce daga Nima. A 2003 gwamnatin Gana da ta Indiya suka buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa mai sunan Kofi Annan. Kafin a ankara, ƙananan kafe sun cika lungunan Nima da Mamobi da Newtown, ana biyan kuɗi a kan minti, agogo yana gudu a kusurwar allon kwamfuta.

Mu da muke yara a lokacin mun ga yadda yayyenmu suka koyi abin. Lokacin kafe yana da tsada, ba wanda zai ɓata shi wajen karanta dogon bayani. Saboda haka littafi ya zama dole: ka yi karatu a gida, ka rubuta abin da za ka gwada a takarda, ka je kafe ka buga cikin rabin sa'a ka ga ko ya fito. To, wane littafi? Wanda aka samu. Mafi yawansu gwanjo ne, sun shigo cikin kwantena tare da tsofaffin kwamfutoci, aka baza su a ƙasa a gefen titi wajen Circle da Makola. Wasu kuma fotokwafi ne na fotokwafi, bangon ya ɓace, shafin da ke ɗauke da shekarar bugu ma babu shi. Mai saye yana duba kauri ne: in littafi ya yi kauri, ya sha hannu, sai a ce wannan ilimi ne. Haka aka saba auna littafi a gida.

A nan ƙa'ida ta huɗu ta fara cin amanarmu. Littafin da ya iso Nima a 2004 sau da yawa an buga shi ne tun 1997 ko 1998, kuma dalilin da ya sa mai shi na farko ya rabu da shi shi ne ya daina amfani. Na san wata makarantar kwamfuta, ba sai na kama suna ba, da ta ci gaba da karɓar kuɗin ɗalibai tana koya musu FrontPage daga takardun fotokwafi shekaru bayan kamfanin Microsoft ya daina fitar da manhajar, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce ta 2003. Yara suka fito da satifiket mai hatimi, suka je neman aiki aka yi musu dariya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren tarihin wanda bai kamata a ɓoye ba. A ƙarshen shekarun 2000 kalmar sakawa ta cika jaridu da finafinan Gana. Kalmar Hausa ce, aka laƙaba wa damfara ta intanet, aka kuma jingina ta da Nima da Mamobi fiye da ko'ina. Wata mai bincike daga Amurka, Jenna Burrell, ta zauna a kafe na Ankara har da na Mamobi, ta fitar da littafi a 2012 mai suna Invisible Users a kan matasan da ke wuni a can. Abin da kowa a unguwa ya sani shi ne, masu damfarar ƙalilan ne a cikin masu zuwa kafe, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: damfara tana da malamai a kusa, masu zama da yaro su nuna masa hannu da hannu, sana'ar halal kuwa sai tsohon littafi da ba mai biya maka shi.

Yadda littattafai suka riƙa mutuwa

Domin a fahimci dalilin da ya sa tsufa ke kashe littafin wannan sana'a, sai a dubi sau nawa ƙasa ta juya a cikin shekara talatin.

Da farko HTML ne kaɗai, wato harshen da ake gina ƙashin shafi da shi: nan take, nan sakin layi, nan hoto. Masu son ado suka rasa yadda za su yi, sai suka riƙa cusa komai a cikin jadawali mai layi da gidaje, suna tura rubutu gefe da ƙananan hotunan da ido ba ya gani. Littafin David Siegel na 1996, Creating Killer Web Sites, shi ya yaɗa wannan dabara a duniya. Shekara guda bayan haka mawallafin da kansa ya rubuta cewa dabarar ta ɓata shafukan intanet. A ƙarshen 1996 aka fitar da CSS, harshen da ke kula da ado: launi, girman harafi, tazara, da wurin zaman kowane abu. Da littafin Jeffrey Zeldman, Designing with Web Standards, ya fito a 2003, masu sana'a suka juya wa jadawali baya. Duk littafin da ya koyar da tsohuwar hanya ya zama na naɗe ƙosai.

Sai zamanin Flash, manhajar da ke sa abubuwa su yi rawa a shafi. An buga littattafai barkatai a kanta, matasa da yawa a nan sun zuba ƙarfinsu a ciki. Wayar iPhone ta fito a 2007 ba ta karɓar Flash, a 2010 Steve Jobs ya bayyana cewa ba za ta taɓa karɓa ba, a ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya binne ta da hannunsa.

Juyi mafi girma shi ne na waya. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar tsara shafi guda wanda zai miƙe a babban allo ya kuma tsuke a ƙaramin allon waya. A 2014 aka kammala HTML5. A 2017 manyan burauza suka karɓi Grid, sabuwar hanyar rarraba shafi. Mu wannan juyi ya fi shafa, domin mai sayar da atamfa a kasuwar Laraba ta Nima da mai sayen kayanta duk a waya suke ganin intanet, a waya suke biyan kuɗi tun da MTN ta kawo Mobile Money a 2009. Shafin da ya yi kyau a kwamfuta ya wargaje a waya, a Zango bai da amfani.

Malami ya dawo

A daidai lokacin da littattafai ke mutuwa, sai ƙa'idojin nan uku na farko suka dawo ta wata ƙofa. Wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta kafa laburare a Nima a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka ƙara da cibiyar karatu ta Nima da Mamobi, yara suka sami wurin zama da littafin da wani ya tantance kafin a ɗora shi a kanta. Ƙungiyar Achievers ta Nima ta fara ne a matsayin taron karatun littattafai na yara mata, domin kada a cire su daga makaranta. Regina Honu, wadda ta kafa Soronko Solutions a 2012, ta shigo Nima da shirinta na Tech Needs Girls, ita da mataimakanta suna zama da yaran nan suna koya musu gina shafi. Abin lura shi ne, ba sabon littafi ne ya kawo canjin ba. Mutum ne da ya iya, ya zauna kusa da mai koyo, ya ce fara daga nan.

Allo ma ya dawo. A 2018 duniya ta ga hoton wani malamin makaranta a yankin Ashanti, Richard Appiah Akoto, ya zana fuskar Microsoft Word da alli a allon aji saboda makarantarsa ba ta da kwamfuta. Turawa sun yi ta mamaki. Ɗan makarantar allo bai yi ba, domin ya san abin da hannu ya rubuta ya fi zama a ka. A shekarun dumsor kuma, musamman 2015 da wuta ke tafiya wuni da kwana, littafin takarda ya nuna ranarsa: batir ba ya ƙare masa, ba ya cin data.

A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikatar raya Zango da asusun raya Zango. Ko me mutum zai ce game da abin da suka yi da wanda ba su yi ba, horon makonni kaɗan ba ya mayar da mutum gwani. Bayan an rufe taro an raba satifiket, yaro zai koma ɗakinsa, shi da littafinsa.

Abin da ma'auni ke cewa a yau

Ga wanda ke tsaye gaban mai littattafai da kuɗinsa a hannu, ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Riƙe jeri. HTML shi ne Ahalarin wannan sana'a, CSS ke bi masa, sannan JavaScript, harshen da ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. Littafin da ya yi maka alkawarin tsallake waɗannan ya kai ka ga manhajar da ake yayi bana, ajiye shi. WordPress, wadda ta fito a 2003, tana ba mutane da yawa abinci, amma wanda bai san HTML da CSS ba, ranar da shafin mai gidansa ya karye sai ya tsaya yana kallo. Kuma ba a cin taura biyu a baki ɗaya: littafi guda ka ƙare shi ya fi biyar da ka leƙa.

Raba asali da reshe. Wannan shi ne maganin ƙa'ida ta huɗu. Littafin da ke magana a kan ɗan Adam, yadda idonsa ke bin shafi, abin da ke gundurarsa, abin da ke sa ya rufe ya tafi, yana daɗewa. Don't Make Me Think na Steve Krug ya fito tun 2000 kuma har yau yana da amfani, domin mutane ba su canza ba. Littafin da ke magana a kan manhaja kuwa, danna nan ka danna can, rayuwarsa gajeriya ce. A wannan rukuni, abu na farko da za ka buɗe shi ne bayan shafin take, ka ga shekarar bugu da ko bugu na nawa ne. Learning Web Design na Jennifer Robbins ya fara fitowa a 2001, an yi bugu na huɗu a 2012, na biyar a 2018. Suna ɗaya, mawallafiya ɗaya, amma na 2001 da na 2018 ba abu ɗaya suke koyarwa ba. Fotokwafin da ba shi da wannan shafi, kada ka ba da ko sidi ɗaya a kansa. Araha ba ta ado.

Gwada shi kafin ka biya. Duba jerin kalmomin da ke ƙarshen littafi: in babu maganar allon waya, babu Flexbox, babu Grid, to ka san inda ya tsaya. Littafin Jon Duckett na 2011, HTML and CSS, yana da sauƙi da hotuna masu kyau, kuma yana da kyau ga mafari, amma ya riga Grid fitowa, sai an cike giɓin daga wani wuri. Akwai inda ake cikewa kyauta: MDN na Mozilla, da freeCodeCamp, da littafin Eloquent JavaScript wanda mawallafinsa ya sake shi a intanet ba ko kwabo. Akwai kuma gwajin da ya shafe mu mu kaɗai: ka tabbata littafin ya yi bayanin UTF-8, tsarin da ke sa haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun ajami, su fito daidai. In ba haka ba, za ka gina wa masallacin unguwa shafi, a wayi gari sunan liman ya koma akwatuna da alamun tambaya.

Nemi wanda ya karance shi. Kafin ka saya, tambayi mutumin da ke cin abinci da wannan sana'a yau, ka ce ya nuna maka shafin da ya gina, ka buɗe a wayarka. Gani ya kori ji, isnadin wannan zamani ke nan. In ya yarda ya riƙa duba aikinka ko sau ɗaya a mako, ka fi wanda ya sayi littattafai goma.

Rubuta da hannunka. Kowane misali da ke cikin littafi ka buga shi harafi bayan harafi, kada ka kwafo ka manna. Ka ɓata shi da gangan ka ga abin da zai faru, ka gyara. Sannan ka wanke allo ka gina naka: shafin shagon ɗinkin yayarka, na makarantar Islamiyyar lungunku, na mai wake da shinkafa da ke bakin titi.

Saura abu guda. Duk littattafan zamani da na ambata da Turanci aka rubuta su, don mutanen da ke da wuta dare da rana da kwamfutar kansu. Yaron da ya yi makaranta ya iya ajami amma Turancinsa bai yi ƙarfi ba, yana hawan tsauni biyu a lokaci guda, na harshe da na sana'a. A zaure kuwa malami yana karanta Larabci ya fassara da Hausa nan take, shi ya sa ilimi ya shiga gidan attajiri ya shiga gidan ɗan dako. Alhaji Umaru bai kai ashirin da biyar ba lokacin da ya ga 'yan kasuwa suna bukatar wasiƙa, ya zauna ya rubuta musu yadda ake yin ta. Yau a Nima da Mamobi akwai samari da 'yan mata da ke gina shafuka ga kamfanonin Ankara da na ƙetare, suna jin Hausa kamar kowa. Ɗayansu ya zauna ya rubuta ƙaramin littafi da Hausa, shafi hamsin ma ya isa, da misalai daga kasuwar Nima, ya buga shekara ɓaro-ɓaro a bango, ya kuma ɗauki alkawarin sabunta shi duk bayan shekara biyu ko uku. In ya fito, ƙofar shirina a buɗe take, za mu biya shi babi bayan babi ga masu sauraro.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya jiƙan malaman da suka riga mu.